ALLANTARWA: MA'ANAR KALMAR DA INDA YA KAMATA A AZA TA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ba shi da abokin tarayya cikin mulkinsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga bawansa kuma manzonsa, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da wani saurayi ya kawo mana bayan sallar isha'i. Ya jira sai da jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce: "Allah shi gafarta malam, gidanmu ba lafiya." Mahaifinsu dattijo ne, shekara da shekaru in ya tafi gaida malaminsa yakan tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa, ya yi gaisuwa. Wan wannan saurayi ya dawo daga neman ilimi, ya ga haka, sai ya ce wa tsohon a gaban iyali: "Baba, ka allantar da mutum." Tun daga ranar tsohon bai sake cin abinci da shi cikin kwano ɗaya ba, wata biyu ke nan, mahaifiyarsu kuwa ba ta da aiki sai kuka. Saurayin ya ce: "Malam, wa ke da gaskiya cikinsu?"

Muka ce masa ba za mu yanke hukunci ba sai mun fara sanin abin da kalmar take nufi, domin kalma ce mai nauyi ƙwarai, kuma a yau ta yi araha a bakunan mutane. Abin da muka bayyana masa shi muke so mu shimfiɗa a nan, ko Allah ya sa ya amfani wani gida bayan nasu.

Asalin kalmar

Bahaushe ya gina wannan kalma ne daga sunan Allah, kamar yadda ya gina "abokantaka" daga aboki, da "dangantaka" daga dangi. Ya ce "allantaka", wato kasancewa abin bauta, sa'an nan ya fitar da aikatau, ya ce wane ya "allantar da" wane. Malaman tafsiri da masu wa'azi su suka fi amfani da ita, domin su fassara abin da Larabawa ke kira "ta'alihi", wanda tushensa ɗaya ne da "ilahu". Ma'anar ilahu kuwa a wurin masana lugga ita ce abin bauta, na gaskiya ne ko na ƙarya. Shi ya sa kalmar shahada ta fara da kore kowane ilahu kafin ta tabbatar da Allah shi kaɗai. Waɗanda suka yi lakwal sun san ta a Faransanci da "déifier" ko "diviniser".

Akwai wani abu a ginin kalmar da ya kamata a lura da shi. Aikatau irin wannan kashi biyu ne. Akwai wanda ke sauya abin da aka aikata wa: in an ce an musuluntar da mutum, jiya ba musulmi ba ne, yau ya zama. Akwai kuma wanda ba ya sauya komai sai dai hukuncin mai magana: in an ƙaryata mai gaskiya, yana nan mai gaskiyarsa ko da gari duka ne ya ƙaryata shi. Ɗaliban sarfu sun san wannan bambanci a babin "taf'ili". Tauhidi ma haka yake, wanda ya kaɗaita Allah bai mayar da shi ɗaya ba, dama can ɗaya yake, shi dai ya shaida ne kawai. To, allantarwa cikin wannan kashi na biyu take. Wanda aka allantar yana nan yana jin yunwa, zazzaɓi yana kayar da shi, barci yana ɗaukarsa. Da irin wannan hujja ce Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida aya ta 75, ya tunatar da cewa Annabi Isa (A.S.) da mahaifiyarsa sun kasance suna cin abinci.

Ashe ke nan allantarwa aiki ne da ke faruwa cikin zuciyar mai yin ta. Duk wanda ya ce wane ya allantar da wane, yana ba da labarin abin da ke cikin zuciyar ɗan'uwansa ne. A riƙe wannan da kyau, domin sauran maganarmu a kansa ta ginu.

Akwai wasu kalmomi biyu da ke ƙara rikita mutane. Ta farko ita ce "bauta". A Hausa tana nufin ibada, tana kuma nufin hidima mai wahala. Shi ya sa ake cewa wane ya bauta wa iyayensa, ko wance ta bauta wa ƴaƴan mijinta, ba kuwa wanda ke fahimtar shirka a nan. Ta biyu ita ce "ubangiji", wadda asalinta mai gida ne ko mai abu, kamar yadda Larabawa ke kiran mai gida "rabbu" na gidan. Manzon Allah (S.A.W.) ya lura da haɗarin da ke cikin irin wannan tarayya ta lafazi, shi ya sa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana bawa ya kira mai shi da "rabbu", ya umarce shi ya ce shugabana. Ya gyara harshen mutane, bai ce sun fita daga addini ba.

Waɗanda aka kira alloli ƙarara

Mafi bayyanar allantarwa ita ce a ɗauki ɗan Adam a kira shi abin bauta da baki. Fir'auna shi ne misalin da kowa ya sani. A Suratul Ƙasas aya ta 38 ya gaya wa fadawansa bai san suna da wani abin bauta ba bayansa, a Suratun Nazi'at kuma ya tara jama'a ya yi da'awar shi ne ubangijinsu mafi ɗaukaka. Amma Suratuz Zukhruf aya ta 54 ta nuna mana ɗaya rabin labarin: ya raina hankalin mutanensa, su kuwa suka bi shi. Fir'auna bai zama Fir'auna shi kaɗai ba, sai da ya sami masu amsa masa.

Rumawa kuwa sun mayar da abin doka. An kashe Yuliyas Kaisar shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), bayan shekara biyu majalisar dattawan Rum ta zauna ta zartar cewa ya shiga sahun alloli. Magajinsa Agustas ya riƙa kiran kansa ɗan wanda aka allantar, shi ma da ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya aka yi masa haka. Daga nan ta zama al'ada: sarki in ya mutu majalisa ta duba, in ta yarda da shi a gina masa ɗakin bauta a naɗa masu yi masa hidima, in ba ta yarda ba, kamar Nero, a hana shi. Masu tarihinsu sun ba da labarin sarki Besfasiyan, wanda da ciwon ajali ya kama shi a shekara ta 79, ya yi wa na kusa da shi raha cewa ga alama ya fara zama abin bauta. Shi da kansa ya san abin wasa ne. Duk da haka an azabtar da mabiya Annabi Isa na farko saboda sun ƙi ƙona turare a gaban gunkin sarki.

Kada mu zaci wannan cuta ba ta taɓa shiga ƙasashen musulmi ba. Halifan Faɗimiyyawa na Misira, al-Hakimu bi Amrillahi, ya yi mulki daga 996 zuwa 1021. A shekara ta 1017 wasu masu kira suka fara shelar cewa allantaka ta bayyana a jikinsa. A watan Fabrairu na 1021 ya fita da dare zuwa duwatsun Muƙaɗɗam da ke bayan Alƙahira, bai sake dawowa ba, mabiyan wannan ra'ayi suka ce ɓoyewa ya yi, zai komo.

A zamanin kusa ma an gani. Ranar 1 ga Janairu 1946, bayan Japan ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu, sarki Hirohito ya fitar da sanarwa yana kore ra'ayin cewa sarkin Japan abin bauta ne cikin siffar mutum. A Zayar, gidan telebijin na gwamnati ya kasance yana buɗe labarai da hoton Mobutu yana saukowa daga cikin gajimare. A watan Mayu na 1997 ya gudu ya bar ƙasar, a watan Satumba ya mutu a Rabat. Sarkin Habasha Haile Selassie kuwa, wanda aka naɗa a 1930, wasu mutane a tsibirin Jamaika suka ɗauke shi abin bauta alhali shi Kirista ne mai zuwa coci, bai kira su zuwa ga haka ba. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da muka faɗa, cewa allantarwa a zuciyar mai yi take, ko wanda aka yi wa ya so ko bai so ba.

Allantarwa wadda ba a ambaci sunanta ba

Da abin ya tsaya ga wannan kashi, da musulmin ƙasarmu ya kwanta da hankalinsa, domin ba mu san wani a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai da ke nuna ɗan Adam ya ce ga allansa ba. Amma akwai kashi na biyu wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne a ba mutum abin da yake haƙƙin Allah ne shi kaɗai, ba tare da an ba shi sunan ba.

Tirmizi ya ruwaito labarin Adiyyu ɗan Hatim (R.A.), wanda Kirista ne kafin ya musulunta. Ya ji Manzon Allah (S.A.W.) yana karanta aya ta 31 ta Suratut Tauba, wadda ke zargin ma'abota littafi da riƙon malamansu da masu ibadarsu iyayengiji. Adiyyu ya san mutanensa, ya san ba sa yi wa malamansu salla, don haka abin ya ɗaure masa kai. Sai Annabi ya bayyana cewa malaman sukan halatta musu abin da Allah ya haramta su bi, su haramta musu abin da Allah ya halatta su bi, kuma wannan biyayya ita ce bautar da ayar ke nufi.

Ku duba da kyau, ƴan'uwa. A wannan labari ba a ambaci durƙuso ba, ba a ambaci tuɓe takalmi ba. Abin da aka ambata shi ne miƙa wa mutum linzamin halal da haram. Mutum yana iya gaida shugabansa a tsaye, ƙafarsa cikin takalmi, alhali a zuciyarsa ya ba shi wannan linzami. Wanda ubangidansa ya ce ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya ya rantse, yana ganin maganar ubangida ta wanke shi, ya kama wannan hanya. Wanda ya tafi wurin mai duba ya gaskata cewa ya san abin da gobe za ta haifar, ya ba shi sanin gaibu, wanda Suratun Namli aya ta 65 ta keɓe ga Allah. Wanda ya ƙudurce cewa arzikinsa da ajalinsa suna hannun wani mai mulki ko wani attajiri, har yana jin tsoronsa a ɓoye fiye da yadda yake jin tsoron Allah, ya ba shi abin da ba nasa ba. Haka nan wanda ya ɗauka malaminsa ba ya kuskure, duk ayar da ta saɓa wa maganar malam sai a yi mata tawili, ya ba shi kariyar da Allah bai ba kowa ba bayan annabawa. Ana jingina wa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, cewa ya nuna kabarin Annabi ya bayyana cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, ban da mai wannan kabari.

Wannan cuta ba ta san ɗariƙa ba, ba ta san ƙungiya ba. Tana kama mai tasbaha, tana kama mai wayar hannu cike da karatun shehinsa. Kuma ba mabiyi kaɗai take cutarwa ba. Wanda aka ɗaukaka har ba mai iya ce masa ya yi kuskure, an hana shi nasiha, an bar shi shi kaɗai da son ransa. Shi ya sa Sayyidina Abubakar (R.A.), a huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a, ya nemi jama'a su miƙar da shi in ya karkace, ya kuma shaida musu cewa biyayyarsu gare shi tana nan ne muddin yana biyayya ga Allah da Manzonsa.

Hanyar da ke kai mutane can

Ba wanda ke kwana mai tauhidi ya tashi mai allantar da mutum. Abin yana zuwa ne sannu a hankali, kuma ƙofarsa ita ce ƙauna. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu aya ta 23, wato Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, sunayen mutanen kirki ne daga mutanen Annabi Nuhu. Da suka mutu, aka kafa alamu a wuraren zamansu don tunawa da su. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilimi ya tafi, sa'an nan na baya suka bauta musu. Wannan wuce iyaka cikin girmamawa shi malamai ke kira guluwi.

Saboda haka ne Manzon Allah (S.A.W.) ya tsare wannan ƙofa a kan kansa tun kafin kowa. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa ya hana a wuce iyaka wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa ɗan Maryama, ya ce a kira shi bawan Allah kuma manzonsa. Wani mutum ya haɗa nufin Allah da nufin Annabi cikin magana ɗaya, nan take ya gyara masa. Wani ya zo gabansa jikinsa na rawa don kwarjini, ya kwantar masa da hankali, ya tuna masa cewa shi ba sarki ba ne, ɗan wata mace ce mai cin busasshen nama. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwar ce. Uba ne cikin baƙin ciki, kuma maganar tana ƙara masa daraja a idon jama'a, amma ya tashi ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Wannan tarbiyya ta yi amfani ranar da aka fi bukatarta. Da Annabi ya yi wafati a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 11, daidai da 632 Miladiyya, Sayyidina Umar saboda tsananin ƙauna ya ƙi yarda ya rasu. Sai Sayyidina Abubakar ya tashi ya rarrabe wa mutane tsakanin Muhammadu wanda ya rasu da Allah rayayye wanda ba ya mutuwa, ya karanta musu aya ta 144 ta Suratu Ali Imrana. Ba wanda ya ce Umar ya allantar da Annabi. An tunatar da shi, ya tuna.

A nan ne ma ya kamata mu ja kunnen matasanmu masu son ƙwallo da kokawa da mawaƙa. A birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina, a 1998, wasu masoya Maradona sun kafa abin da suka kira cocinsa, rabi wasa rabi gaske. Shi kuwa ya mutu a 2020 kamar yadda kowa ke mutuwa. Yaronmu da ke kwaikwayon irin wannan lafazi a kan gwaninsa ba ya nufin bauta, mun sani, amma sunan Allah ba abin raha ba ne, kuma harshe in ya saba da abu zuciya takan daina ƙyamarsa.

Abin da ba allantarwa ba ne

Yanzu sai mu koma ga ɗaya gefen, inda gidan saurayin nan ya faɗa. Musulunci ya yi umarni da girmama na gaba. Suratul Isra'i aya ta 24 ta umarci ɗa ya ƙasƙantar da kai ga iyayensa saboda jinƙai. Hadisi ya kore wanda ba ya jinƙan ƙaraminmu, ba ya sanin girman babbanmu, daga cikar tafarkinmu. Da Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) ya iso a kan jaki yana da rauni, Annabi ya umarci mutanensa su tashi zuwa ga shugabansu. Har gaisuwarmu ta sarauta, in an duba ta, shaida ce a kan mutuntaka: mai cewa "ranka shi daɗe" addu'a yake yi, kuma ba a roƙa wa kowa tsawon rai sai wanda zai mutu.

Ba muna cewa kowace irin gaisuwa ta halatta ba ne. Tirmizi ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa Annabi ya hana mutum ya sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya yarda da musafaha. Ibnu Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352 ya kuma biyo ta Takedda a ƙasarmu a 1353, ya ƙidaya zuba ƙasa a ka gaban sarki cikin munanan al'adun da ya gani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, shi ma ya soki wannan al'ada ta afi a littafinsa Kitabul Farƙi. To, malamai sun yi magana a kan sunkuyawa da durƙuso, wasu sun karhanta, wasu sun tsananta. Wanda ya ce a bari yana da hujja.

Amma hukunci matakai ne. Akwai barin abin da ya fi, akwai makaruhi, akwai haram, sa'an nan akwai shirka babba wadda ke fitar da mutum daga addini, ta raba shi da matarsa, ta hana a sallace shi. Allantarwa suna ne na wannan mataki na ƙarshe. Wanda ya ɗauki sunan matakin ƙarshe ya aza a kan na biyu ko na uku ya yi zalunci, ko da niyyarsa gyara ce. Ibnu Majah ya ruwaito cewa Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) da ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi sujada, domin ya ga mutanen can suna yi wa manyansu. Sujada ce sosai, goshi a ƙasa. Annabi ya tambaye shi dalili, sa'an nan ya hana shi. Bai ce masa ya sake shahada ba. Da Usama ɗan Zaidu (R.A.) ya kashe mutumin da ya furta shahada, yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi ya tsananta masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da kafirci, kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Shehu Usmanu ya haɗa gefen nan biyu a rayuwarsa. Da mutane suka fara cewa shi ne Mahadi, ya rubuta Tahzirul Ikhwani ya kore wannan daga kansa. A ɗaya gefen kuma ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi ba, har ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar a kan kafirta mai babban zunubi, tare da cewa bai daina ganin girmansa ba har ya rasu a 1817. Ga ɗalibi wanda bai allantar da malaminsa ba, bai kuma wulaƙanta shi ba.

Ma'aunin da kowa zai auna kansa

Tun da abin a zuciya yake, mai zuciyar shi ya fi kowa cancantar yin awo. Kowannenmu ya kawo wanda ya fi girmamawa a ransa, malami ne ko sarki ko ubangida ko shugaban jam'iyya, ya yi wa kansa tambayoyi huɗu. Ta farko: shin na yarda wannan mutum yana iya yin kuskure, kuma zan iya ambaton wuri ɗaya da ya yi? Ta biyu: in umarninsa ya ci karo da umarnin Allah bayyananne, wanne zan bi? Ta uku: ina roƙa masa Allah ne, ko kuwa shi nake roƙo abin da Allah kaɗai ke iyawa? Ta huɗu: in aka wayi gari ya mutu, ko asirinsa ya tonu, me zai rage na addinina? Wanda ya amsa waɗannan lafiya, ya gode wa Allah, ya ci gaba da ladabinsa, ya kuma gyara siffar gaisuwarsa ta dace da sunna. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ta yi masa nauyi, ya san inda zai fara aiki.

Kuma kada mu manta da wanda aka fi yawan allantarwa a duniya, ba a kuwa yi masa kirari. Suratul Furƙan aya ta 43 da Suratul Jasiya aya ta 23 sun ambaci mutumin da ya riƙi son ransa abin bautarsa. Mai ganin fahimtarsa ita ce addini, duk wanda ya saɓa masa ya halaka, ya kamata ya yi wa kansa tambayar farko kafin ya yi wa wani.

Bayan kwana biyu mun tafi gidan su saurayin nan. Muka gaida tsohon, muka tambaye shi cikin ladabi yadda ya ɗauki malaminsa. Ya ce: "Subhanallahi! Malam da na kai shi asibiti da hannuna bara, na kwana ina yi masa fifita? Kullum bayan salla sai na roƙa masa gafara." Muka ce masa: "Baba, wannan ba maganar mai allantarwa ba ce." Sa'an nan muka gaya masa hadisin Anas, ya yi shiru, ya ce zai kai wa malamin nasa maganar su duba tare. Babban ɗan kuwa, muka yaba masa kishinsa ga tauhidi, muka tuna masa yadda Annabi Ibrahim (A.S.) ya yi wa mahaifinsa magana da taushi a Suratu Maryam, alhali shi mahaifinsa gumaka yake bauta wa a fili. Muka tambaye shi ko zai iya ambata mana mas'ala ɗaya da shehinsa ya yi kuskure a cikinta. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga baya ya nemi gafarar mahaifinsa. Ba mu ce saɓaninsu ya ƙare ba, har yanzu kowa yana da ra'ayinsa a kan durƙuso, amma ƙanen ya shaida mana sun koma cin abinci cikin kwano ɗaya.

Muna roƙon Allah shi tsare mu daga yin tarayya da shi muna sane, shi gafarta mana abin da ba mu sani ba, shi tsare harsunanmu daga mutuncin ƴan'uwanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, kuma muna maraba da wanda zai gyara mana. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.